Ɗingishin Gurguwa

Duk wanda ya san layin masu niƙa a bayan 'yan hatsi na Kasuwar Muda Lawal ya san injin Malam Bappa, ko da bai taɓa ganinsa da ido ba. Tsohon inji ne mai shan gas, baƙi wuluk. Mata ne suka raɗa masa suna Gurguwa, tun daga nan kowa ke kiransa da ita kamar mace, saboda yadda take tafiya: dum, dum, dum, sai ta ɗan ja ƙafa, sannan ka ji tas. Wannan tas ɗin daga bel ɗin da ke juya injin yake fitowa. Ya taɓa tsinkewa shekarun baya, Bappa ya ɗinke shi da waya, to duk sanda ɗinkin ya zagayo kan fuli, wilin da ke jan bel ɗin, sai ya mari ƙarfe. Ga salansar da hayaƙi ke fita a tsage ta gefe tana ƙara wa abin gurnani. Da wannan injin Bappa ya yi aure, da shi yake ci da gidansa, ba shi da wata gona sai wannan rumfa.

Shi kuwa Bappa mutum ne da bai yarda da kowa ba. Ko gaisuwa aka tsawaita masa sai ya tsaya ya duba abin da ke bayanta.

A daminar bana aka fara raɗe-raɗin cewa za a kwashe injuna masu ƙara a mayar da su can bayan kwata, inda ba mai zuwa sai awaki. Ba wanda ya san bakin da maganar ta fito. Amma Bappa ya lura maƙwabcinsa Ashiru ya fi kowa yawan maimaita ta. Ashiru yaro ne a kansa, injinsa na lantarki ne, sai ɗan zuu kawai yake yi, kuma ya daɗe yana auna rumfar Bappa da ido.

Ana cikin haka, wata Talata da hantsi, sai ga matasa uku sun tsaya a gaban Gurguwa ba bokiti ba buhu. Yarinya ce a gaba, ta ɗora wani abin ji mai kunnuwa biyu a kan hijabinta, tana riƙe da sanda da aka sa wa kanta gashi buzu-buzu kamar matacciyar gafiya. Bayanta wani dogo mai gashin dada da gilashi ruwan ɗorawa, sai wani gajere mai ƙiba da hannunsa bai daina buga cinyarsa ba.

"Sannu da aiki, Baba," in ji yarinyar.

"Yawwa. Niƙa ko markaɗe?"

"Ba ko ɗaya. Sunana Ni'ima. Wannan dogon Elias, wancan Mansir. Makaɗa ne mu. Ƙarar injinka muke so mu ɗauka, in ka yarda."

Bappa ya dube su daga sama har ƙasa. "Makaɗa. Wa kuke yi wa kiɗan, ɗan siyasa?"

"Ba ma yi wa kowa."

"Biki fa?"

Mansir ya ce, "An taɓa kiranmu biki, Baba. Ba mu kai ƙarshen waƙar farko ba uwar amarya ta sa aka kashe janareto."

"Ana sa ku a rediyo?"

"Ba su iya jure mu," in ji Elias. "Kiɗan rok na Turawa muke yi, irin mai juya kai. Sunan ƙungiyarmu Jiri."

Bappa ya so ya kore su. Sai ya tuna in ka hana mutum leƙa ɗakinka, ka gaya masa akwai abin gani ke nan. Ya ɗaga kafaɗa ya ce su ɗauka, ƙara ai ba ta ƙarewa. Ni'ima ta miƙa gafiyar nan kusa da bel, ta lumshe ido. Shi kuwa ya zagayo ta bayanta kamar zai ɗauki tsintsiya, ya saci kallon wani ɗan akwati da ke rataye a wuyanta. Wani layi ne ke tsalle a ciki. Kore, kore, kore, da tas ta zo sai ya haye ja.

Bappa bai yi boko ba, amma ya san ja. Ja a danja tsayawa ce. Ja a takardar jarrabawar ɗansa faɗuwa ce. Bai taɓa ganin inda ja ta zama alheri ba sai a jikin tumatir.

Da suka gama Ni'ima ta yi godiya har da rusunawa, ta ce in yana so ya ji abin da za su yi da ita, duk Asabar suna tsohon gidan kaji a hanyar Gubi, kafin a kai kwanar dam. Bappa ya bi su da ido. Yana kallo Ashiru ya yafito su, suka tsaya a rumfarsa ana magana ana dariya, har da sayo musu ruwan leda. To, biri ya yi kama da mutum. Makaɗan da ba su da ubangida, ba biki, ba rediyo, ga na'urar auna ƙara, ga Ashiru na shayar da su. Bappa ya ce a ransa, in waɗannan makaɗa ne ni ma liman ne.

Bai gaya wa kowa ba. Washegari ya kira makanike. Aka cire tsohon bel aka sa sabo fil, aka kai salansa wajen mai walda aka liƙe tsagar, aka ƙara mata dogon bututu da ya zagaya bayan rumfa ya nutse a cikin rabin duro na ruwa. Aka ɗaure duk wani noti da ke rawa. Da aka tayar da ita sai wani lallausan rurrr, kamar mage na barci. Bappa ya tsaya ya riƙe ƙugu. Yanzu su dawo da gafiyarsu su auna.

Sun kuwa dawo. Ya hango su daga bakin layi, Ni'ima ta tsaya ta karkata kai, Elias ya cire gilashinsa ya ƙura wa injin ido, suka yi ɗan ƙus-ƙus, suka juya ko sallama babu. Bappa ya yi murmushi a karo na farko a wannan makon. Ya ce an kama ɓarawo kafin ya haura.

Sai dai ciniki ya fara ja da baya. Ranar farko ya ɗora wa ruwan sama. Rana ta biyu ya ce wata ne ya yi nisa. Da abin ya shiga mako na biyu yana zaune yana korar ƙuda, ga layin bokitai a gaban Ashiru har yana toshe hanya, sai tunaninsa ya koma kan ɗan akwatin nan. Ashe ba auna ƙara kaɗai suka zo yi ba. Mutum ya zo ya miƙa wa sana'arka mataccen abu, ya zuƙe muryarta ya rufe a akwati ya tafi da ita, me ake kiran wannan in ba asiri ba? Ya karɓo rubutu ya yayyafa wa injin. Shiru.

Ranar da abin ya ishe shi ita ce ranar da ya ga Liatu ta wuce shi. Liatu mai masa ce a bakin ƙofar kasuwa ta ɗaya gefen, tun tana goyon 'yarta Phoebe take kawo masa markaɗen shinkafa, yanzu Phoebe har ta yi aure. Ga ta nan da bokiti a ka ta nufi wajen Ashiru.

"Maman Phoebe. Yau kuma ba gaisuwa?"

Ta juyo. "A'a, Malam Bappa, kana nan? An ce injinka ya mutu."

"Wa ya ce?"

"Kowa. Ni daga wajen tandata nake jin Gurguwa. In na ji ta fara, na san ka buɗe, in aiko ko in zo. Kwana da kwanaki ban ji ba. Na tambayi Ashiru ya ce shi ma bai ji ba."

"Ga ta nan tana aiki a gabanki."

Liatu ta matso ta sunkuya ta saurara. Ta miƙe ta girgiza kai. "Wannan ba ita ba ce."

"Ita ce. Gyara na yi mata."

"Malam Bappa, ni za ka yi wa wayo? Ka sayar da ita ka sayo wani ka shafa masa baƙin mai. Ƙullun Gurguwa ne yake tashi, duk masu masa sun sani. In dai na zamani ne, gara na Ashiru, ya fi sauri."

Ya rantse mata, ta ce rantsuwa ba ta tayar da ƙullu. Ta wuce abinta.

Da la'asar Ashiru ya leƙo yana goge hannu da tsumma. "Baba, in jikin ya gaji ka huta mana. Rumfar ba za ta lalace ba, ni zan riƙe ta da mutunci."

"In na mutu ka zo ka tambayi magada," in ji Bappa.

Yana tafiya Bappa ya ɗauki sipana ya kwance bututun nan daga duro, ya cire salansar gaba ɗaya. Injin ya ɗauki ruri har kwanon rufin rumfar na rawa. Amma ruri ne kawai, irin na kowane janareto a kasuwa, ba mai bambance shi da na masu ƙanƙara. Ya je wajen makanike neman tsohon bel, ya tarar an yayyanka shi an ɗaure kaya da shi a bayan wata mota da ta tafi Alkaleri. Ya yi ƙoƙarin tuna yadda ɗinkin yake, inda tsagar take. Shekara da shekaru yana jin abu, yau an ce ya kwatanta ya kasa. Garin gyaran gira ya tsone ido.

Ranar Asabar ya kulle rumfa da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba sai ranar jana'iza, ya hau keke zuwa hanyar Gubi. Niyyarsa ɗaya: su dawo masa da abin da suka ɗauka, ko a yi ta a gaban mai unguwa.

Gidan kajin na bayan wata gonar masara, dogon gini mai rufin kwano, har yanzu da sauran warin kashin kaji. An manne bangon ciki da kwalin ƙwai tun daga ƙasa har sama, an toshe tagogi da tsofaffin katifu, an rataya fitilu kore da shuɗi da rana kata. Wasu samari da 'yan mata ƙalilan na zaune a kan tabarma ba mai rawa, ba mai liƙi. Bappa ya tsaya a bakin ƙofa yana shinshina iska ko zai ji warin wiwi. Turaren sauro kawai ya ji. Wannan ma bai kwantar masa da hankali ba.

Sai ya ji ta.

Daga cikin wata ƙatuwar sifika take fitowa. Dum, dum, dum, tas. An ja ta ta yi nauyi, kamar Gurguwa na tafiya a ƙarƙashin ruwa, amma ita ce, ko a kabari ya ji zai gane ta. Mansir na zaune a bayan tarin ganguna yana bin ta, in ta ja ƙafa shi ma ya ja. Elias ya rungumi jita yana taka wasu ƙananan akwatuna a ƙasa da yatsun ƙafa, jitar na kuka, kukan ya tafi ya dawo ya tarar da kansa, har ba ka san na farko da na baya ba. Can ƙasa akwai ƙarar ruwa yana zuba. Ni'ima na rera wani abu da ba kalma a ciki, muryarta ta rabu gida-gida tana zagaya ɗakin. Ba amshi, ba kirari, ba inda waƙar ta nufa. Bappa ya ji ƙasa ta ɗan karkace, ya dafa ƙofa. Sai ya ga hannunsa na dama ya ɗaga da kansa yana juyawa a iska. A kan tas yake zuba hatsi a bakin inji, tun yana saurayi. Ya yi maza ya cusa hannun a aljihu.

Ni'ima ce ta fara ganinsa. Ta ɗaga hannu, komai ya tsaya.

"Baba, sannu da zuwa. Ka ji ta?"

"Na ji ciwon kai. Wa ya aiko ku?"

"Aiko mu ina?"

"Kada ki maishe ni yaro, 'yar nan. Na ga ja a akwatinki. Na gan ku da Ashiru. Tun ranar da kuka zo ban ƙara ganin daidai ba. In masu son tashinmu ne suka turo ku ku faɗa. In kuma wani abin kuka yi wa injina, ku warware."

Mansir ya kifa kai a kan ganga yana dariya. Elias bai yi dariya ba. Ya ajiye jitar ya zo gaban Bappa, ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba.

"Baba, mu ne ya kamata mu kai ƙararka. Wata nawa muna yawo a garin nan muna neman abin da zai riƙe mana waƙa. Mun ɗauki ruwan dam, mun ɗauki maƙera, mun ɗauki masu daka. Ba wanda ke ɗingishi irin nata. Mun ɗan ɗauki kaɗan don gwaji, muka dawo mu ɗauki mai tsawo, muka tarar ka kashe ta. Ka kashe mana mai ganga."

"Ina zaune fa," in ji Mansir.

"Kai mataimakinta ne."

Ni'ima ta ciro akwatin ta nuna masa. Ta tafa hannu kusa da gafiyar, layin ya haye ja. Ta ce, "Ka gani? Ce min yake in ja baya kada ɗaukar ta fashe. Ba ya kai wa kowa rahoto."

"Ashiru fa?"

"Roƙonmu ya yi mu ɗauki nasa," in ji Elias. "Na ce masa muna da sauro a gida."

Bappa ya juya maganar a ransa. Ba ta da ƙofa, abin da ya fi damunsa ke nan. Ya ce, "To wa ke sauraron wannan abin?"

"Waɗannan da ka gani. Sai wasu a intanet, a ƙasashen da ba mu taɓa zuwa ba."

"Mutum yana ƙasarsu, da lafiyarsa, ya zauna yana jin injin niƙa na Bauchi."

"Har yana rubuto mana cewa ya yi kuka."

"To ku duka ba ku da lafiya," in ji Bappa. Ya dubi sifikar. Maganar da ya zo da ita ta ƙare, wadda ta rage kuwa ta fi nauyi a baki. Ya yi gyaran murya. Ya gaya musu zancen Liatu, da layin bokitai, da bel ɗin da ya tafi Alkaleri. Bai ce su taimake shi ba. Cewa ya yi, tunda su ne sila, su san yadda za su yi.

Ranar Litinin da safe suka zo kasuwa su uku. Ni'ima ta sa tsohuwar muryar Gurguwa a kunne ɗaya, ta bar ɗayan a buɗe. Bappa ya ɗauko wuƙa ya tsaya a kan sabon bel ɗin nan, ko wata bai yi ba. Ya yi bisimilla ya yanke shi gida biyu. Masu wucewa suka fara tsayawa.

Ya ɗinke da waya, aka mayar da salansa, aka tayar.

"Tas ɗin ya yi kaifi," in ji Ni'ima. "Na da ya fi kauri."

Aka kashe, ya ƙara ninki, aka tayar.

"Yanzu yana riga lokacinsa," in ji Elias. "Ba ta jan ƙafar. A saki bel ɗin kaɗan."

"Kai ka taɓa niƙa ko barkono?"

"Ban taɓa ba, Baba. A saki."

Ya saki. Mansir ya ari kwanon awo ya kife a cinya yana buga tsohon ɗingishin da yatsu don su riƙa gwadawa. Sai aka koma kan salansa. Bappa ya sa ƙusa da guduma ya huda inda aka yi walda, Ni'ima ta ce gurnanin bai kai ba, ya ƙara buɗawa, ta ce ya kusa. Suka bi notocin da makanike ya ɗaure suna kwancewa ɗaya bayan ɗaya, wannan a mayar, wancan a bar shi yana rawa. Rana ta take. Ashiru ya fito ya tsaya cikin 'yan kallo.

"Baba, lafiya kuwa? Mutane na gyara kai kana ɓatawa."

"Injinka ne?"

Aka sake tayarwa. Dum, dum, dum. Ta ja ƙafa. Tas. Yatsun Mansir da bel suka sauka tare. Ni'ima ta lumshe ido ta daɗe, sannan ta zare abin kunnen gaba ɗaya ta rataye a wuya.

"Ba na iya raba su," ta ce.

Bappa ya ajiye guduma. Ya bar injin na ci ba komai a cikinsa, gas na ƙonewa, ya zauna a kan benci ya kafa wa bakin layi ido. In za a tashe shi zuwa bayan kwata saboda ƙara, to a zo a tashe shi da mutane a gabansa, ya fi a bar shi a nan shi da ƙuda. Mai goro ya wuce. Mai baro ya wuce da buhunan wake. Matasan nan suka zauna a gefensa.

Can sai ga bokiti ruwan ganye yana tahowa a saman kawunan mutane. Liatu ta zo daidai rumfar Ashiru, ta ɗan rage tafiya, ta wuce. Ta sauke a gaban Gurguwa tana haki.

"Ka dawo da ita ke nan. Na ce maka wancan ba ita ba ce."

Bappa ya bar ta a kan maganarta. Ya ja bokitin, ya jira tas, ya zuba.

Ni'ima ta miƙe da sandarta. "Baba, yanzu mu ɗauki mai tsawon?"

"Ɗauki. Ki ajiye da kyau, bel ba ya dawwama." Ya yafito ta da ka, ta matso, ya rage murya yana kallon rumfar maƙwabcinsa ta wutsiyar ido. "Amma ko da wasa kada ku ba wa Ashiru muryarta. Yana da sifika a gida, na sani."